Yaya Sai-an-karanta

In kana son ganin ɓacin ran yayan mijina, kunna sabon abu a gabansa ba ka duba takardar da ta zo da shi ba. Ranar da muka sayi dutsen guga, ina sabuwar amarya, ya tarar da ni ina shirin jona shi a wuta. Ya karɓe, ya zauna, ya sa gilashinsa, ya karanta takardar tas tun daga bango, har wurin da aka ce kada a goge kaya suna jikin mutum. Na ce, "Haba Yaya, wa zai yi wannan hauka?" Ya dube ni ta saman gilashi ya ce, "Da ba a taɓa yi ba, da ba su rubuta ba." Irin wannan ce ta jawo masa sunan Sai-an-karanta, kuma har matarsa haka take kiransa in ya ba da baya.

Aikinsa haɗa gadaje da durowoyi a wani shagon kayan ɗaki. Kaya na zuwa a kwali, faranti-faranti, da ƙullin kusoshi da takardar zane. Yakan shimfiɗa farin ƙyalle a ƙasa, ya jera kusoshin dogaye gefe, gajeru gefe, ya gwada su da hoton da ke takarda kafin ya ɗauki sukundireba. Abokan aikinsa sun haɗa uku shi yana kan na farko, mai shago na ta ƙorafi, shi ko a jikinsa. Ba ya cika baki, ba ya ƙiyasi, ba ya cewa "ina jin kamar". In ka tambaye shi abin da bai gani a rubuce ba, amsarsa ɗaya ce, bai sani ba. Wani lokaci har haushi yake ba ni, don akwai ranar da mutum ke buƙatar a ce masa komai zai yi daidai ko da ba a tabbata ba, Yaya kuwa ba zai taɓa ba ka wannan ba.

Mijina shi ne autansu, mai aski ne, kuma ya bambanta da yayansa ta kowace fuska. Shi sai ya ɓata abu tukuna yake tambayar yadda ake amfani da shi. Abu guda ya haɗa su tun suna yara, wato gem. Mahaifinsu ya taɓa kawo musu tsohuwar na'ura ta hannu, da hannun gem guda biyu, ɗaya matacce. Auta ya cafke mai aikin. Yaya ya ɗauki ɗan littafin da ke cikin kwalin. A haka rabon ya tsaya har suka yi gemu. Auta na dannawa, Yaya na gefe yana karanto masa wane maɓalli ne na tsalle, wane ne na duka, wane dodo ne ba ya son wuta. Yaya bai taɓa danna maɓalli ko ɗaya ba, amma in ka ji yana ba da labari sai ya ce, "Ranar da muka cinye shi." Na zo gidan na same su a haka, manya biyu a ƙasan falo ranar hutu, ɗaya na ihu, ɗaya na laluben shafi da yatsa mai yawu. Da 'yan biyunmu suka zo, hidima ta yi yawa, abin ya mutu da kansa. Na'urar da ke gidan yanzu ta yaran ce, su kuma ta intanet suke sauke wasanninsu, ban taɓa ganin sun shigo da kwali ba.

Ciwo ya sami mijina yana tsakiyar aski. Injin ya suɓuce daga hannunsa, ya sunkuya zai ɗauka, bai tashi ba. Ɓarin jikinsa na dama ne ya shanye. Allah ya taimaka ƙafar ta dawo, yana jan ta kaɗan. Magana ma ta dawo, sai dai da nauyi. Hannun ne ya ƙi. Likitar gashi, wadda ke motsa masa gaɓoɓi, ta ja ni gefe ta gaya mini ba tare da kwana-kwana ba: akwai sauran rai a yatsun, amma in bai riƙa sa su aiki da kansa ba, za su lanƙwashe su ƙage, kuma in sun ƙage shi ke nan. Ba abin da za mu iya yi masa daga waje. Sai ya so.

Shi kuwa bai so ba. Ƙwallon roba da aka ba shi ya matsa, sau ɗaya ya gwada, da ta zame ya ɗauke ta da hagu ya wurga bayan durowa. Aka ce ya gwada sa maɓallin riga, ya gwada, ya kasa, daga ranar ya koma sa riga marar maɓalli. Na lura da tsarin abin: kowace dabara dama ɗaya yake ba ta, in ta ba shi kunya ya rufe babinta har abada, kuma wanda ya kawo ta ma ya shiga uku. Ya daina zuwa asibiti. Ya aika wa abokin aikinsa cewa ya ba wani kujerarsa. Ya juya kujerar falo ta fuskanci taga, nan yake wuni. Da safe in ina wanke masa tafin hannu, sai na buɗe yatsun ɗaya bayan ɗaya, kuma kullum sun fi jiya tauri. Tsoro nake ji, ina kuma jin haushinsa, har wani lokaci nakan shiga banɗaki in kunna famfo don kada yara su ji kukana.

Yaya yana zuwa kullum bayan ya tashi aiki. Ba ya wa'azi, ba ya lallashi. Ya zauna ya karanta takardar da ke cikin kwalin magani, ya ninke ta yadda take, ya yi sallama. Sai wata rana ya biyo ni kicin ya ce, "Maman 'yan biyu, maɓallan hannun gem a wane ɓangare suke?"

Na ce, "Yaya, ina na sani?"

Ya ce, "Dama. Duk a dama suke. Hagu tafiya kawai take yi."

Na gane nufinsa. Na ce masa in wannan ma ta ƙi, ba mu da wata a hannu, kuma wannan karon ba ƙwallo zai wurga bayan durowa ba, shi Yayan zai wurga. Ya ce ya sani. Ya ce an fitar da sabon wani gem da suka taɓa cinyewa suna samari, na wani mutum mai fitila da ke yawo cikin rusasshen gari. Zai sayo, ya karanto masa kamar da.

Ya zo da shi ranar aiki da rana, yara suna makaranta, ya nemi izini a shago. Kwalin na cikin ledarsa ba a fasa ba. Daga baya ya gaya mini yarinyar da ta sayar masa ta ce ko za a buɗe ya duba, ya ƙi, don tun suna yara Auta ne ke yage leda. Ya ɗora kwalin a cinyar mijina, ya koma ya zauna a ƙasa kusa da talabijin, inda ya saba zama a da, ya ciro gilashi yana gogewa.

Mijina ya daɗe yana kallon hoton da ke bangon kwalin. Ni ina tsaye bayan kujerarsa, riƙe da tsumman goge tebur da na manta dalilin ɗaukarsa. Can sai ya kai kwalin baki, ya yage ledar da haƙori. Ya buɗe da hagu, ya zare faifan, ya tura wa Yaya kwalin ta ƙasa ko kallon cikinsa bai yi ba. Ya ce mini, "Juyo da kujerar nan."

Ina juya kujerar na hangi fuskar Yaya. Ya buɗe kwalin yana kallo. A gefen hagu ga 'yan maƙalai biyu na roba inda littafi ke zama, amma abin da suka riƙe wata 'yar takarda ce falle ɗaya, siririya. Ya ɗaga ta, ya leƙa ƙasanta. Ya girgiza kwalin. Ya duba cikin ledar da aka yage. Sannan ya miƙe ya ce zai sha ruwa, ya yi mini alama da ido.

A kicin ya tura ƙofa ya ce ƙasa-ƙasa, "An sace littafin."

"Yaya, a rufe fa ya zo."

"To a kamfani aka sace. Ko sun manta. Kira su."

Akwai lambar shagon da ya sayo gem ɗin a jikin jakar da ya zo da ita. Na kira, na sa a bayyane amma na rage murya. Da na yi mata bayani, yarinyar ta gane shi nan take. Ta ce, "Ayya Baba, ai an daɗe da daina sa littafi. Ba wanda ke zuwa da shi yanzu. Gem ɗin ne da kansa zai koya masa, in ya fara zai tambaye shi ko yana son darasi."

Yaya ya matso da bakinsa kusa da wayar. "To 'yata, maƙalan nan na ciki fa? Me suke riƙewa?"

"Haka dai suke yin kwalin, Baba."

Ya tsaya riƙe da kwalin kamar wanda aka miƙa wa jaririn da ba nasa ba. Na ce masa ba komai, tunda akwai darasin, sai ya riƙa karantowa daga talabijin. Ban rufe baki ba muka ji kiɗa ya tashi a falo. Muka fito da sauri. Mijina ya riga ya sa faifan, hannun gem ɗin na cinyarsa, yana miƙa babban yatsan hagu yana dannawa. A allon, mutumin mai fitila na tsaye a bakin wata karyayyar gada.

Ya ce, "Sun tambaye ni ko ina son su koya mini. Na ce a'a." Kalmomin na fita da ƙyar, amma wannan ce magana mafi tsawo da na ji daga bakinsa tun da aka sallamo mu daga asibiti. "Su wa? Yaya na nan. Karanta."

Na dubi Yaya. Ya koma wurinsa a hankali ya zauna. Ya buɗe kwalin ya tsayar da shi a gaban fuskarsa yadda bayansa ke kallon mu, 'yar takardar na ciki. Ya yi gyaran murya. Na san me ke rubuce a takardar, don na leƙa: gargaɗi ne cewa a riƙa hutar da ido, da sunan kamfani cikin ƙananan baƙaƙe.

"Shafi na ɗaya," in ji Yaya. Muryarsa ta karatu ce, wadda na sani. "A riƙe hannun gem da hannu biyu. Idan aka riƙe da ɗaya, ba zai yi aiki daidai ba."

Mijina bai motsa ba. Ya ce, "Haka suka rubuta?"

"Haka."

Da ni na faɗa, da tuni ya ce in fita masa daga falo. Amma Yaya ne, kuma a rubuce yake. Mijina ya sa hannun hagu ya ɗago na dama daga kan cinya, ya ɗora shi a kan hannun gem ɗin, ya tura yatsun suka zagaye shi. Maɓalli huɗu ne a ƙarƙashin babban yatsan, ja da kore da shuɗi da rawaya.

"Tsalle," in ji shi.

Yaya ya goga takardar a jikin kwalin don ta yi ƙarar juya shafi. Gumi ya tsattsafo masa a goshi. "Kore."

Mijina ya tura mutumin da hagu, ya nufi ramin gadar. Babban yatsan dama bai ɗaga ba, sai ya danna da hannun gaba ɗaya, da kafaɗa, har jikinsa ya karkata. Ya dace da koren. Mutumin ya durƙusa, ya zame, ya faɗa ramin. Wata doguwar ƙara ta biyo baya, allon ya yi baƙi, sannan ga shi kuma a bakin gada.

"Ban danna daidai ba," mijina ya ce. Ya sake. Mutumin ya sake durƙusawa ya faɗa. Ya sake na uku.

Na sulale zuwa lungun ɗaki na ciro waya. Na rubuta sunan gem ɗin. Abin da ya fito hotunan bidiyo ne, wani saurayi na ta surutu yana gaishe da masu kallo, talla ta katse shi, na tsallake gaba sai na gan shi ya riga ya wuce gadar yana wani wuri. Na dawo baya, talla ta sake shigowa. Daga falo na ji ƙarar faɗuwar nan kuma, na ajiye wayar na koma.

Jijiyar muƙamuƙin mijina ta tashi. Na san alamar, haka ta yi kafin ya wurga ƙwallo. Numfashinsa ya yi nauyi.

"Koren nan durƙuso yake yi," ya ce. "Duba da kyau."

"Ja ne," in ji Yaya da sauri. "Ja."

Mijina ya yi ta fama kafin ya kai hannun kan ja, don yana can gefe. Sai da ya taimaka da hagu ya gyara zamansa. Mutumin ya ruga, ya wurga fitilarsa gaba, ya bi ta cikin rami.

Mijina ya juyo da kai a hankali.

Yaya ya ce, "Yi haƙuri. Na tsallake layi."

"Kai?" in ji mijina. "Kai ka tsallake layi?"

Yaya ya ƙara matso da kwalin kusa da fuskarsa.

"Ba ni littafin."

"Auta, bari in sake dubawa."

"Ba ni."

Yaya ya sauke kwalin daga fuskarsa. Ya zare takardar, ya matso da gwiwa, ya miƙa. Mijina ya karɓa da hagu. Tun bayan ciwon ƙananan rubutu na yi masa wuya, amma ba ya buƙatar karatu ya ga falle ɗaya ce. Ya juya bayanta. Ya sake juyowa.

"Ina sauran?"

"Babu saura. Sun daina yi, Auta. Ban sani ba sai yau."

"To abin da kake karantowa fa?"

Yaya ya cire gilashinsa ya riƙe a hannu. Ban taɓa ganin idonsa ya yi ja haka ba. "Daga kaina ne."

"Duka?"

"Duka."

"Har da na hannu biyun?"

"Har da shi."

Na matsa na tsaya tsakanin kujerar da talabijin, gefe kaɗan, don in ya yi jifa kada ya sami allon ko fuskar Yaya. A raina na riga na gama lissafi: zai ce mu fita, zai sa in mayar da kujera wajen taga, gobe in Yaya ya yi sallama ba za a amsa ba. Na ji na tsani kamfanin nan da ban san ko a ina yake ba, mutanen da suka iya zana gari guda da gada da fitila amma suka ga 'yan shafuka sun yi musu tsada.

Mijina ya sunkuyar da kai yana kallon hannunsa na dama. Yana nan inda ya ɗora shi, yatsun zagaye da hannun gem ɗin. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya ɗago ya dubi yayansa, wanda ke durƙushe a ƙasa da farin gashi da gilashi a hannu, yana jiran hukunci.

"Kai da kanka," ya ce. Ba faɗa a muryar, kamar dai yana auna nauyin maganar ne.

Yaya ya gyaɗa kai.

Mijina ya miƙa masa takardar. "Matsa, Maman 'yan biyu, kin tare mini." Na matsa. "Saura biyu. Shuɗi da rawaya. Duba ka gani wanne suka ce."

Yaya ya karɓa da hannu biyu. Ya mayar da gilashin, ya zauna a karkace a hancinsa bai gyara ba. Ya kafa wa takardar ido, leɓensa na motsi, ya bi layin gargaɗin hutar da ido da yatsa har ƙarshe.

"Sun ce shuɗi."

Mijina ya tura mutumin gaba. Wannan karon bai karkata kafaɗa ba. Babban yatsan ya rabu da 'yan'uwansa, ya ɗaga shi kaɗai, ɗan kaɗan, yana rawa a iska. Ya sauka gefen maɓallin, ya ja jiki, ya hau, ya danna. Na toshe bakina da tsumman goge tebur.

Ƙarar faɗuwa ta sake cika falon.

"Ƙarya suke," in ji mijina. "Rawaya ne."

Yatsan ya riga ya ɗaga, yana laluben hanya.